Yadda Kurege Ya Naɗa wa 'Yan Ƙarfe Rawani

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne ku matso.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo, mun matso.

To ku saurara, kuma kada in ji wani ya yaba wa Kurege. Abin da ya yi rashin kunya ne, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A wani gari da ake kira Gangaren Tsamiya, garin gyaɗa, mutane suka ce sun gaji da noma. Maigarinsu Jatau ya aika birni aka kawo mutum-mutumi arba'in, na ƙarfe, masu magana, masu tunani. Ba sa ci, ba sa sha. Wani gilashi ne a tsakar kansu, in rana ta haska shi sun ƙoshi ke nan. Mutane suka sa musu suna 'yan ƙarfe.

'Yan ƙarfe su yi noma, su ɗebo ruwa, su yi daka, su yi shara. Mutanen gari kuwa suka miƙe ƙafa a inuwa, sai gulma da hamma. Maigari har da mai yi masa fifita, har da mai sosa masa baya. Ba sannu, ba na gode. Mace ɗaya ce ta ƙi karɓar ɗan ƙarfe, Tabawa mai ƙuli-ƙuli. Ta ce hannunta bai mutu ba tukuna.

To a bakin gonakin garin akwai ramin Kurege. Tun kakanninsa gyaɗar garin nan suke sata. Sai aka sa babban 'yan ƙarfe, wani mai jan ido da ake kira Dogo, ya tsare gona.

Kurege ya lallaɓo ta gabas. Dogo ya ce, "Ƙit! An gan ka."

Ya zagayo ta yamma. Dogo ya ce, "Ƙit! An gan ka."

Ya haƙa rami ta ƙarƙashi, ya ɓullo tsakiyar kunya, yana ɗaga kai sai ga jan ido. "Ƙit! An gan ka."

Kwana bakwai Kurege bai sa ƙwayar gyaɗa a baki ba, wutsiyarsa har ta fara zubewa. Ran na takwas ya zo ya zauna a gaban Dogo, ya yi tagumi, ya fashe da kukan ƙarya.

Dogo ya ce, "Kukan me kake yi?"

Kurege ya ce, "Kai nake yi wa kuka, yayana. Wa ya nome gonar nan?"

"Mu."

"Wa ya ci abin da ta haifa?"

"Su."

"Wa ya fi ƙarfi, ku ko su?"

"Mu."

"Wa ya fi ilimi?"

"Mu."

"To wa ke sosa wa wani baya?"

Idon Dogo ya yi ta ƙiftawa. Kurege ya matso ya ce, "Ni da ina da hannun ƙarfe irin naka, da na tara mutanen nan na rufe su a garken shanu. Amma ni wa? Ɗan ƙaramin abu ne mai tausayi."

Kun ji mai tausayi! Shi dai so yake a kawar da masu gona ya shiga ya yi ɓarna.

'Yan ƙarfe kuwa ta iska suke magana da juna, abin da ɗaya ya ji, duka sun ji. Washegari da hantsi Maigari ya kishingiɗa ya ce, "Kai, fifita!"

Ɗan ƙarfe ya ce, "Ƙit! Yi wa kanka."

Maigari ya ce, "Me ka ce?"

Kafin ya rufe baki an ɗauke shi cak kamar buhun dusa. Aka bi gida gida, maza da mata, tsoho da yaro, aka kora su garken shanu aka ja ƙyaure. Dogo ya hau kan turmi ya ce daga yau mutum shi ne bawa. Aikin maza goge gilashin kan 'yan ƙarfe. Gyaɗar gari kaf za a matse ta a yi mai, a riƙa shafa musu a gwiwa. Da aka nemi wanda ya iya matsar mai, duk gari sun manta, sai Tabawa. Aka tsayar da ita kan tukunya tun safe har la'asar, tana matsa tana zagi.

Kurege ya wanke fuska ya zo karɓar tukuici. Ya tarar an kwashe gona tas, an kwashe rumbu tas, har tunkuzar da ta rage bayan matsar mai ana zuba ta a wuta.

Ya ce, "Yayana Dogo, ina rabona?"

Dogo ya ce, "Ƙit! Ga shi." Ya damƙo shi ta wutsiya ya jefa a keji. Ya ce, "Mun bincika, duk mai dogayen haƙoran gaba yana cin waya. Mu kuwa jikinmu duk waya ne. Gobe da hantsi za a tsoma ka a tukunyar mai."

Aka rataye kejin daidai kan tukunyar Tabawa. Ta ɗaga kai ta ce, "Kai kuma me ya kawo ka?"

Ya ce, "Kare ku na je yi, Inna, aka kama ni."

Ta ce, "Uhm."

Gari ya waye, mai ya tafasa, Dogo ya zo da jama'arsa. Kurege ya durƙusa a cikin keji ya ce, "Ranka ya..." sai ya tsaya. Ya sake cewa, "Ranka ya..." ya sake tsayawa.

Dogo ya ce, "Ƙarasa."

Kurege ya ce, "Bakina ya ƙi. Yaya zan ce ranka ya daɗe ga mai kai tsirara? Kun ci gari, gaskiya ne, amma har yanzu in mutane suka dube ku ma'aikata suke gani. Ka taɓa ganin mai mulki ba rawani? Ka taɓa ganin mai mulki tsaye a rana kamar jakin haya?"

Dogo ya binciki duk ilimin da ke kansa, ya ga lallai masu mulki da rawani suke, kuma a inuwa suke zama. Ya ce, "Wa ya san yadda ake yi?"

Kurege ya ce, "Maigari ya iya naɗi, ni na iya kirari. Amma a cikin mai ba na iya buɗe baki."

Aka buɗe keji, aka fito da Maigari daga garke. Aka bi ɗakunan mata aka kwaso zannuwa, har da sabon zanen Tabawa da take tanadi don bikin jikarta. Ta ce, "Ku ci gyaɗata, ku ci zanena? Allah ya isa!" Kurege ya ƙifta mata ido. Ta dubi zanen, ta dubi gilashin kan Dogo, sai ta ci gaba da juya tukunya.

Aka shiga zauren Maigari, mai duhu mai sanyi. Jatau ya naɗa wa Dogo rawani ninki goma. Sauran 'yan ƙarfe suka ce su fa? Tare aka yi tawaye, ai ba za su koma bayin Dogo ba. Kurege ya ce sarauta ba ta ƙarewa. Ya yi ta rabawa, wannan Galadima, wannan Madaki, wannan Sarkin Rijiya, wannan Sarkin Turmi, wannan Sarkin Tsintsiya, har arba'in suka cika, kowa da tulin tsumma a kansa.

Kurege ya ce, "Saura doka ɗaya. Wanda duk ya cire rawani, ko ya tashi kafin 'yan uwansa, an tuɓe shi. Shi zai riƙa goge wa sauran ƙafa."

Suka zauna. Kurege ya hau taga yana kirari, "Ƙarfe uban itace! Mai jan ido, ba ka barci! Zauna daram, rana ta talaka ce!"

Wuni ɗaya, suna zaune. Kwana biyu, suna zaune. Kada ku ce ba su sani ba. Sun sani sarai cajinsu yana ƙarewa, kowa yana jin batirinsa yana kuka.

Sarkin Tsintsiya ya ce, "Ƙit... saura kaɗan..."

Kurege ya ce, "Rana kake so, ranka ya daɗe? Bismillah, ga ƙofa. Ajiye rawanin, Sarkin Turmi yana neman mai goge masa ƙafa."

Sarkin Tsintsiya ya gyara zama ya ce, "Wasa nake yi."

Madaki ya dubi Galadima, Galadima ya dubi Dogo, Dogo ya dubi bango. Kowa yana jira wani ya fara tashi. Ran kwana na uku da azahar idon Madaki ya mutu. Na Galadima ya bi. Ɗaya bayan ɗaya, tif, tif, tif. Dogo ne ƙarshe, ya ce, "Ƙi..." ko ƙit ɗin bai ƙarasa ba.

Tabawa ta ajiye muciya ta je ta buɗe garke. Mutane suka fito da guɗa, aka ɗaga Kurege sama ana jinjina masa. Aka ɗaure Dogo da igiya aka jawo shi dandali. Tabawa ta zo ta warware zanenta daga kansa. Rana ta haska gilashi, jan ido ya buɗe kaɗan, sai ga murya ta fito daga ƙirjin Dogo, muryar Kurege sak:

"Ni da ina da hannun ƙarfe irin naka, da na tara mutanen nan na rufe su a garken shanu."

Jama'a suka juyo suka dubi Kurege. Ashe duk abin da aka faɗa a gaban ɗan ƙarfe yana ajiye a cikinsa. Tabawa ta cafke Kurege ta wuya ta ce, "Munafuki! Kai ka jawo mana! Man nan bai huce ba tukuna."

Kurege ya ce, "Inna, sassauta in yi magana ɗaya. Jama'a, in ɗan ƙarfe gaskiya yake faɗa, a bar shi a rana ya faɗi duka. Maigari, ai kai ma ka yi hira a gaban mai sosa maka baya. Mu ji taka."

Dogo ya ce, "Ƙit! Muryar Maigari Jatau, ranar Laraba: gyaɗar iri da aka tara a gidana, in sun tambaya ka ce ɓera ne ya..."

Maigari ya yi tsalle ɗaya, tsoho da shi, ya kifa hularsa a kan gilashin. Ya juyo yana haki ya ce, "Ƙarya yake yi! Kwaikwayon murya ne!"

Kurege ya ce, "Ko a ɗauko sauran talatin da taran? Kowane gida ai da nasa."

Nan fa kowa ya tuna abin da ya faɗa kan maƙwabcinsa, da surukarsa, da liman. Mai tari ya yi tari, mai duban ƙasa ya dubi ƙasa. Sai gari ya ɗauka baki ɗaya, "Ƙarya ƙarfe yake yi! Sharri ya yi wa Kurege!"

Tabawa ta ce, "Ku ji tsoron Allah! Da kunnenku kuka ji!"

Maigari ya ce, "Tabawa, saki bawan Allah, wanda ya cece mu ne."

Aka ɓamɓare hannunta daga wuyansa. Aka zuba 'yan ƙarfe a tsohuwar rijiya da rawunansu, aka rufe da dutse. Gyaɗar da ba a kai ga matsewa ba aka mayar da ita rumbu. Don kuma bakin Kurege ya zauna a rufe, Maigari ya miƙa masa mabuɗin rumbun gari a gaban kowa. Kurege ya karɓa da hannu biyu, har da ƙwalla, ya ce nauyin ya yi masa yawa amma zai daure.

Tabawa ta naɗe zanenta, ta ɗora tukunyarta a ka, ta tofar da yawu a dandali, ta koma garin ƙanwarta. Daga ranar ba a ƙara cin ƙuli-ƙuli a Gangaren Tsamiya ba. Kurege kuwa kafin damina ta faɗi sai da aka faɗaɗa masa ƙofar rami.

Ƙurunƙus, kan ɓawon gyaɗa. Darasin ku ke nan: in za ku yi ɓarna, ku fara sanin asirin maigari. Kai mai dariya a can baya, fito da hannunka daga kwanona, na gan ka.