Ranar da Mailafiya Ya Je Neman Jari da Motar Haya

Akwai wani matashi a Belbeji ana ce masa Mailafiya, ɗan marigayi Audi mai gyaran rediyo. Ya yi shekaru a Tamanrasat yana aikin gyaran firigo, wato firiji, da haɗa wutar sola, kuma tsakani da Allah ya iya. Amma da ya dawo gida, bai zo da komai ba sai akwatin kayan aiki, da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, da kai cike da dabara.

Dabarar kuwa mai kyau ce. A shekarar, azumi zai faɗo cikin tsananin zafi, ƙanƙara kuma daga nesa ake kawo ta, kafin ta iso rabinta ya zama ruwa. Shi so yake ya sayo babban firigo mai aiki da rana daga Damagaram, ya riƙa yin ƙanƙarar a nan gida. In azumi ya kama bai kafa ba, shekarar ta wuce shi.

Jari ne babu.

A garin akwai Alhaji Zakari, babban ɗan kasuwar dabbobi. Al'adarsa ce duk shekara kafin azumi yakan ware wani abu ya danƙa wa matashi ɗaya ya juya, a raba riba. Mutum ɗaya tak, ba ya ƙarawa.

Mahaifiyar Mailafiya, Inna Indo, ta ce masa, “Ka taka ka je ka gaishe shi. Ka ce kai ne ɗan Audi, ka faɗi abin da kake so. Shi ke nan.”

Ya yi dariya ya ce, “Inna, zamani ya wuce nan. Masu kuɗi ba sa ba wanda ya yi kama da matsiyaci. Kuɗi kuɗi suke bi.”

“Wa ya gaya maka?”

“Wani masani ne a waya. Mutum dubu ɗari ke bin sa.”

Ta ce, “Su bi shi lafiya. Shi ya san Alhaji Zakari?”

Bai saurare ta ba. Ya tafi tasha wurin abokinsa Sahabi, direban da ke jigilar fasinja tsakanin Belbeji da Tanut. Suka shirya Sahabi zai wanke motar, ya kai shi ƙofar Alhaji, ya buɗe masa ƙofa, ya riƙa ce masa “Maigida”. Har babbar rigar shaddar da ya yi angonci da ita Sahabi ya ara masa. Mailafiya ya ba da rabin kuɗin haya, sauran sai an fito.

Sahabi ya ce, “Amma ka yi sauri. Ina da lodin Tanut da hantsi.”

Da safe motar ta tsaya a ƙofar Alhaji. Tafiyar da yaro zai yi da ƙafa kafin shayi ya tafasa, sai da suka zagaya ta bakin kasuwa don kowa ya gani. Kowa kuwa ya gani, har da Dado maroƙi.

Tun kafin Mailafiya ya sauko Dado ya ɗaga murya: “Ga na Audi, giwar Tamanrasat! Ya tafi da ƙafa biyu, ya dawo da taya huɗu! Wanda ya sa Larabawa suka koyi kyauta!”

Jama'a suka taru. Mai babbar riga ba ya ba maroƙi tsaba. Mailafiya ya sa hannu aljihu, ya zaro takardar kuɗin da ke ciki ya miƙa yana murmushin dole. Ita ce cikon kuɗin Sahabi. Sahabi ya bi ta da kallo har ta shige hular Dado.

A zaure Alhaji Zakari na zaune da dattawa ana zuba shayi. Yana ganin sa ya faɗaɗa fuska.

“A'a! Ɗan Audi ne wannan? A shimfiɗa masa darduma. Zo nan kusa da ni, ɗana.”

Aka gaisa. Mailafiya ya gyara hannun riga, ya fito da waya mai hotunan da ya kwana yana shiryawa, ya fara jawabin da ya haddace.

“Baba Alhaji, ka taɓa tunanin duniyar da babu ƙishirwa a cikinta?”

Alhaji ya ce, “Kullum. Aljanna ke nan. Allah ya sa mu dace.”

Dattawa suka ce amin. Jawabi ya rikice. Mailafiya ya tsallaka zuwa tsakiya, ya shiga maganar kamfaninsa da zai buɗe rassa a Tanut da Tenhya da Falanko, da abokan hulɗarsa na ƙetare, da yadda masu kuɗi ke rububin shiga amma shi yana zaɓe. Masanin waya ya ce kada ka taɓa nuna kana buƙata, saboda haka kalmar “ina nema” ba ta fito daga bakinsa ba.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, idonsa ya ciko da ƙwalla.

“Alhamdu lillahi. Audi aminina ne, tare muka yi kiwo. Tun da na ji ka dawo na ce abin da na ware na bana naka ne, ina jiran ka zo. Har akwai yarinyar da ta yi ta zarya, na ce ta dakata. Ashe Allah ya riga ya buɗa maka! To, ba a ƙara wa kogi ruwa. A kira mini Radiya.”

Mailafiya ya aje kofin shayinsa.

Radiya mai sayar da zoɓo ce a bakin tasha. Ta shigo da mayafinta mai tabon ja, ta durƙusa ta gaida kowa.

Alhaji ya ce wa dattawa, “Kun ga wannan? Ranar farko kwalbar zoɓo mai ɗumi ta aje mini, ta ce in sha. Na sha na yamutsa fuska. Ta ce haka masu sayenta ke yi kullum, in ta samu firigo mai aiki da rana za ta sayar da zoɓo ta sayar da ƙanƙara. Ta faɗi kuɗin firigo, ta faɗi abin da ta tara, ta faɗi abin da ya rage. Na gane kafin in aje kwalbar.”

Ya jawo ƙunshin kuɗi daga ƙarƙashin matashi, ya miƙa wa Mailafiya.

“Ɗana, kai ne babban baƙo, hannunka da albarkar kasuwa. Kai za ka miƙa mata.”

Jama'a, ku duba wannan hali. Kuɗin da ya yi wata yana mafarki sun shigo tafin hannunsa, ya ji nauyinsu, ya ji ɗuminsu. Ya riƙe ƙunshin har Radiya ta ɗan ja kafin ya saki.

Ya ce, “Allah ya sa albarka,” da muryar wanda aka taka wa ƙafa.

Ba a tsaya nan ba. Alhaji ya matso ya rage murya: “Ni ma ina da 'yar magana. Ina son babbar motar ɗaukar shanu, ina neman wanda za mu haɗa hannu. Kai nawa za ka iya zubawa?”

Wani dattijo ya ce famfon unguwarsu ya lalace. Wani ya ce ɗansa na neman aiki, ko gadi ne a reshen Falanko. Mailafiya na ta cewa, “Za mu duba, za mu duba,” gumi na jiƙa shaddar mutane.

Sai ga Sahabi a bakin zaure. Ya yi sallama ya ce, “Maigida, rana ta yi.”

Mailafiya ya ɗaga masa hannu irin na manya. “Je ka jira a mota.”

“Wace motar? Fasinjan Tanut sun biyo ni har nan, wata tsohuwa ta riga ta ɗora akuyarta a baya. Ka ba ni cikon kuɗina in tafi. Kuma ka daina share gumi da hannun rigar nan, matata ta ce in ta ga tabo kada in dawo gida.”

Sai Alhaji Zakari ya fashe da dariya, ya yi ta yi har rawaninsa ya karkace. Da ya samu numfashi ya ce, “Ɗan Audi, me ya kawo ka wurina?”

Mailafiya ya sunkuyar da kai. “Jari nake nema, Baba Alhaji. Firigon ƙanƙara.”

“Kai! Maganar da ba ta kai tsawon hamma ba, ita ka hayo wa mota? Ai ga shi kuɗin ka miƙa su ga Radiya da hannunka, gaban shaidu. Ni kuma ba na lashe abin da na tofar.”

Alhaji ne ya biya Sahabi cikon kuɗinsa. Mailafiya ya tuɓe riga a soro, ya fito da 'yar shara. A waje ya tarar da Radiya tana ɗaure ƙunshin a bakin zane.

Ta ce, “Malam mai rassa, na ji an ce ka iya haɗa sola. Gaskiya ne, ko shi ma na Sahabi ne?”

“Wannan kam nawa ne.”

“To faɗa mini a taƙaice, zoɓona na jira. Me ka iya, me kake so?”

Ya ce, “Zan zaɓo miki firigon da ba za a cuce ki ba. Zan haɗa, in ya lalace in gyara. Ki ba ni kaso a cikin ƙanƙarar.”

Ta ce, “Kashi ɗaya cikin huɗu. Kai za ka riƙa tura baro zuwa kasuwa.”

“Baro kuma?”

“In ba ka so, akwai masu rububi.”

Ya ce yana so. Kafin a ga wata firigo ya kama aiki, kuma duk azumin nan Belbeji ta sha ruwa da ƙanƙarar da Mailafiya ya yi mafarkinta. A jikin shagon, da jan fenti, sunan Radiya aka rubuta.

Darasi: In za ka nemi jari, je da gaskiyarka. Faɗi abin da ka iya, abin da ke hannunka, da abin da ya rage maka, cikin maganar da mai kuɗin zai gane. Ka san wanda za ka je wurinsa kafin ka ɗauki shawarar wanda bai taɓa ganin garinku ba. Mai ɓoye buƙatarsa, shi zai miƙa wa wani rabonsa. Ku tura wa duk wani ɗan'uwa da ke shirin aron riga.