Audugar Gulbin Baure da Razdan Mai Neman Gurya

An ruwaito a tsofaffin littattafai cewa ƙasar Gulbin Baure ta taɓa zama ƙarƙashin wata daula ta bayan teku. Sarkinta Jatau na bisa gado, amma rawaninsa a hannun Razdan yake, wato wakilin daular.

Al'adarsu ce, idan damina ta ƙarato, Sarki ya tara fada ya shelanta abin da gwamnatinsa za ta sa gaba. A shekarar nan Razdan ya zo da tayi: audugarsu za ta shiga kasuwannin daula ba haraji, ta sauran ƙasashe kuwa a tsawwala mata haraji. Sharaɗi guda ne, a kai ta duka da guryarta, ba a gurza ba. Ya kuma bari Sarki ya fahimta cewa in ya ƙi, akwai wanda rawanin zai yi wa daidai.

Fada ta cika, Razdan na zaune daf da gado, fadawa na ta sambarka. Attajiri Bawale kaɗai, babban dillalin auduga, ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Bawale, kai da za ka fi kowa cin riba, me ya ɗaure maka fuska?"

Bawale ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba ni aminci in ba da labari."

"Aminci na gajeren lokaci. Faɗi."

"An ce wani manomi ya yi maƙwabci mai kirki, wanda ke sayen gyaɗarsa sama da kuɗin kasuwa. Daɗi ya kwashe shi, ya kakkaɓe rumbu ya sayar masa, har da irin shuka. Da ruwa ya sauka ya je neman iri. Maƙwabci ya ce, 'Akwai, ɗan'uwa, amma bana abin da na ce shi za ka shuka, kuma ni kaɗai za ka sayar wa.'"

Ai kowa a fada ya san guryar nan ita ce irin auduga.

Razdan ya juyo. "Wane ne maƙwabcin a labarin nan?"

Bawale ya ce, "Ranka ya daɗe, labarin bai faɗi sunansa ba."

Gumi ya keto wa Sarki ƙarƙashin rawani. Sai ya miƙe.

"Mun karɓi alherin daula da hannu biyu. Sai dai tun kakanninmu tsinkar farko ta gona ce, mata ke gurza ta a ajiye iri, ba a sayarwa. Razdan, daula ta hana mu al'adarmu ne?"

Razdan ya dubi malamai da hakimai, idon kowa a kansa. In ya ce i, gobe zancen ya game kasuwanni. Sai ya ce, "Daula ba ta taɓa al'ada."

Aka shelanta haka. Bawale kuwa aka naɗa shi Sarkin Auduga, rumbunan iri a hannunsa.

Masu hikaya suka ce, idan mai ƙarfi ya yi maka rangwame, karɓa ka yi godiya, amma kafin nan ka duba me zai rage maka na shukar baɗi. Allah shi ne mafi sani.