Ranar da ƙudan zuma suka sauka a kan jaririya

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai hore wa bayinSa na gari abin da Ya so daga halittarSa. Shehinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, wanda harshensa bai taɓa bushewa daga ambaton Ubangiji ba, Allah Ya ƙara masa yarda, duk da yawan ɗalibai da nauyin karantarwa, yana da ɗan fegi a lambun unguwa, inda kowane gida ke noma abin miyarsa. Da hannunsa mai albarka yake shuka kabewa da alayyafo, ya kuma bar gefe guda ko fartanya ba ya sa masa, domin tsuntsaye da bushiya su sami mafaka.

Maƙwabciyar feginsa wata tela ce, mijinta direban babbar mota, sai ya yi sati biyu a hanya. Wata rana da hantsi ta kwance goyonta, 'yar wata biyar, ta shimfiɗe ta tana barci a tabarma ƙarƙashin itacen lemo, ta lulluɓe ta da mayafi, ta tafi famfo ɗebo ruwan ban tumatir. Bokitin bai cika ba ta ji wani gunji kamar na inji daga sama, tana waiwayawa ta ga baƙin taron ƙudan zuma ya sauka a reshen lemon, reshen ya ranƙwafa, dunƙulen ya zubo gaba ɗaya a kan mayafin.

Ta zabura za ta ruga, tsoho mai gadin lambun ya tare ta. "Tsaya, 'yata! In kika fusata su, sun gama da ita."

Mutane suka tsaya cirko-cirko daga nesa, wani ya kunna tsumma a kan sanda. Ita kuwa idonta na kan 'yar ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashin mayafin, sai ta ga yatsun sun motsa.

"Baba, ta farka," in ji ta. "Wallahi ta farka."

A nan ne Shehi, Allah Ya ɗaukaka darajarsa, ya iso. Ya dubi mai sandar ya ce, "Kashe wutar nan. Baƙi ne, masauki suke nema." Ya ce wa uwar, "Yi ta salati, 'yata, kada ki ɗaga murya."

Ya tuɓe takalmansa, ya taka a natse, ya durƙusa gefen tabarmar leɓɓansa na motsi, ya ɗora tafin hannunsa a bakin mayafin. Tana kallo suka fara hawa yatsunsa, suka rufe damtsensa, suka kai kafaɗa har gemu. Ana cikin haka jaririyar ta tsala ihu ta harba ƙafa, gunjin ya tashi, uwar ta runtse ido ta sallama.

"A hankali, bayin Allah," ta ji ya ce.

Da ta buɗe ido mayafin wayam, Shehi na tafe sannu da su a jikinsa zuwa wani kututture mai kogo a ƙarshen lambun, inda suka gangara suka shige.

Ta tuɓe 'yar, ta duba bayan kunne, hammata, tsakanin yatsu, ba ta ga ko harbi ɗaya ba. Ta zube a ƙasa tana son yin godiya, kuka ya hana ta.

"Godiya ta Allah ce," in ji Shehi. "Ba ta nono, yunwa take ji."

Yarinyar ta girma, yanzu ita ke riƙe da fegin uwarta, amma har gobe in telar na ba da labarin nan sai ta ajiye almakashi tukuna.

Ya Allah Ka ƙara wa Shehinmu kusanci, Ka lulluɓe mu da albarkarsa, Ka tsare mana 'ya'yanmu a inda hannunmu ba ya kaiwa. Amin.