Rufin da Ya Danne Amana

An yi wani mutum, injiniya, wanda aka ɗora wa duba ginin sabon gidan tarihi da ɗakin karatu na ƙasa. Ba a zuba siminti sai da yardarsa. Ɗan kwangilar kuwa amininsa ne, har injiniyan ya ba shi auren ƙanwarsa.

Wata rana ya hau saman ginin, ya tarar rodin da aka shimfiɗa wa rufin sirara ne, ba wanda aka tsara ba. Ya sauko ransa a ɓace. Aminin ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce, "Haba Yaya, littafi zai kwana a ciki, ba giwa ba. In ka tona ni, 'ya'yan ƙanwarka ka tona."

Sai injiniyan ya kawar da kai.

Da wakilan jama'a suka zo zagaye, wata tsohuwar malamar makaranta ta tambaye shi ko ginin zai riƙe, don tana son kawo littattafan marigayi mijinta. Ya ce ta kwantar da hankalinta, da idonsa ya gani. Ta yarda. Da aka buɗe ginin, mutane suka yi ta kawo abin da suka gada, wannan takobin kakansa, wancan rubutun hannun mahaifinsa.

Ana tsakiyar damina, da rana tsaka, rufin ya rufto. Ya danne wata ma'aikaciyar ɗakin karatu, mai goyo, ba ta tashi ba. Littattafan suka jiƙe suka zama laka.

A gaban masu bincike, injiniyan yana ta duban amininsa, yana jiran ya ɗauki rabonsa na laifin. Aminin ya miƙe, ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Ni birkila ne kawai. Abin da injiniya ya amince da shi na zuba."

Aka ɗaure injiniyan shi kaɗai. Ƙanwar da ya fake da ita ko sau ɗaya ba ta leƙa shi ba.

Ya 'yan uwa, wanda ya roƙe ka ka ci amanar jama'a, me zai hana shi cin taka? Kunyar mutum ta sa injiniyan nan ya manta kunyar Allah, ya rasa duka biyun. Duk abin da aka ce ka duba, za a tambaye ka a kansa ranar da babu suruki, babu amini.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya ba mu ƙarfin cewa a'a ko da ga namu ne. Amin.