Gurbin da Malam Sallau Ya Ƙi Cikewa

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da makarantar firamare ɗaya ce tak a garin, ana ce masa Malam Sallau. Ku matso. Na baya ku bar hirar nan haka, labarin naku ne.

Aikinsa kula da ɗakin karatu na makarantar. Kada ku ji ɗakin karatu ku zaci wani katafaren gini. Tsohon sito ne a bayan azuzuwa, kabad biyu na littattafai da benci uku, ɗaya ma da bulo aka tokare shi. Shekara goma sha ɗaya yana ciki. Ya share, ya liƙe shafin da ya yage da ƙaro, ya yi ta fama da gara. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, danginsa kuma suna can nesa.

Malaman makarantar ba su ɗauke shi malami ba. Ba ya riƙe alli, ba ya ba da maki, to malamin me? In an tashi tara sai su taru a ofishinsu, ga koko ga ƙosai, ana ta raha, shi kuwa yana jiyo su ta taga yana ɓarar gyaɗarsa shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa korarsa. Ba dai wanda ya taɓa cewa ya shigo. Abin yana damunsa, jama'a, yana damunsa ƙwarai, don shi ma ɗan Adam ne.

Yara ma ba su cika leƙowa ba. Mai zuwa kullum ita ce wata 'yar aji huɗu, Lantana. A makarantar nan, duk darasin da yaro ya faɗi da jan biro ake rubuta makinsa, katin sakamakon Lantana kuwa in ka buɗe sai ka ce kaza aka yanka a kai. Littafi ɗaya take ɗauka. Ta zauna a ƙarshen benci, ta ɗora yatsa a kan layi, leɓenta yana motsi. Zango guda, shafi tara! Malam Sallau bai taɓa ce mata ta karanto ya ji ba. In ta cije ta ɗago kai, ya faɗa mata kalmar, ta ci gaba.

Ana nan aka kawo sabon hedimasta, Malam Haladu. Ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son tsari. Ya aika aka kira Malam Sallau.

"Malam Sallau, na leƙa ɗakinka, ba kowa. Yaro ba ya ganin girman abin da ba maki a kai. Na sa an ƙara gurbi a katin sakamako, na ɗakin karatu. Kai za ka cike, ka sa hannu. Ga biro, shuɗi da ja. Daga gobe kuma akwai kujerarka a ofishin malamai."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Malam Sallau.

Washegari rigarsa ta Juma'a ya sa. Ya zauna cikin malamai, aka miƙo masa ƙosai, wani har ya tambaye shi yadda yake ganin daminar bana. Ranar yana tafe gida yana murmushi shi kaɗai a hanya.

Ɗakin karatu kuwa ya cika maƙil. Kun san yara da wayo. Da suka gane ana rubuta sunan duk wanda ya ari littafi, sai yaro ya ara da safe, ya dawo da shi kafin a tashi, ya ari wani. Akwai wanda ya ari bakwai a mako guda, ɗaya ma sabo ne, ya dawo da shi shafukan a manne. Amma Lantana shiru. Mako ɗaya, mako biyu, mako uku.

Rannan ya same ta a bakin rijiyar makaranta, a zaune ita kaɗai.

"Lantana, lafiya kika daina zuwa? Littafinki yana nan, na ajiye miki."

Ta sunkuyar da kai. "Malam, an ce yanzu kai ma kana da jan biro."

Biron kuwa yana nan a aljihun gaban rigarsa.

Ta ce, "A da, ɗakinka ne kaɗai inda ba na faɗuwa."

Ku saurara da kyau. Ƙarshen zango ya zo, aka jibge masa katuna. Ya ɗauki na mai littafi bakwai. Ya ga hannun yaron ya ɗauka, amma bai ga idonsa ya karanta ba. Ya ɗauki na Lantana. In ya bi yawan aro, ja ne. In ya cika mata maki don tausayi, ƙarya ce. Duk ta inda ya juya, shaida zai bayar a kan abin da bai sani ba. Ya daɗe a zaune, yana tuna kujerar nan. Sannan ya tattara katunan ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Ban koyar da su ba, ban gwada su ba, ban san abin da ya shiga kansu ba."

"Haba Malam Sallau! To ba kowa saba'in mana, wa zai bincika?"

"Sa hannuna ne a ƙasa, ranka ya daɗe."

Ran hedimasta ya ɓaci. "Ni na yi maka hanya ka zama mutum cikin mutane. Ka dai san ofishin nan na masu ba da maki ne?"

"Na sani," in ji shi. Ya ajiye biro biyun a kan tebur, ya fita.

Kuna jira in ce an ƙara masa girma, ko? Ba a ƙara ba. Aka soke gurbin, aka kai kujerar aji biyu, yaran suka watse. Malamai suka ce girman kai ne. Ya koma sitonsa, kuma kaɗaicin wannan karon ya fi na da ciwo, don yanzu ya ɗanɗana zama cikin mutane.

Mako na biyu da dawowa daga hutu, sai ga Lantana a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba.

"Malam, da gaske ka mayar da biron?"

"Na mayar, 'yata."

Ta cire takalmanta, ta shiga, ta buɗe shafi na goma. Iyakar abin da ya samu ke nan a duniya, kuma a ɗakin nan ya ƙare aikinsa.

To jama'a, darasin a fili yake: kada ka ba da shaida a kan abin da ba ka sani ba, ko da ita za ta sama maka wurin zama cikin manya. Kai da ake kawo wa takarda ka sa hannu ba ka karanta ba, don kada a ce ba ka da kirki. Ke da ake tambaya halin yaron maƙwabta, ki yanke masa hukunci alhali gaisuwa kawai ke haɗa ku. Kowannenmu yana yawo da jan bironsa a aljihu, kuma wanda muke zana wa ja, sau da yawa mai rauni ne da ba ya iya kare kansa. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, ko da za ka ci abincinka kai kaɗai. Allah Ya tsare mana hannuwanmu da harsunanmu.