Gurbin Suna Ɗaya a Binciken Ƙwayoyin Ɓera

Ku gyara zama ku ji wannan, don ni duk lokacin da na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A wata jami'a an yi ɗalibai uku a ɗakin binciken wani farfesa: Zuwaira, Tasi'u da Barira. Suna neman wani saƙo na sinadari da ke sa ƙwayar jiki ta yi ta hayayyafa ba tsayawa har ta zama ciwon daji. Da ƙwayoyin fatar ɓera suke gwaji, waɗanda ake raino a faranti.

Zuwaira ce mai rainon. Ƙwayoyin nan sun fi jariri rigima: a makara wajen canza musu ruwan abinci su mutu, a yi sakaci su yi funfuna. Aka shiga yajin aiki, kowa ya kama gabansa, ita ta ƙi tafiya. Ko bikin ƙanwarta ba ta je ba, har yau ana yi mata gori a gida.

Tasi'u ne ya fasa ƙwayoyin ya tace ruwan cikinsu. Ruwan nan in ya ji ɗumi ya tashi aiki. Ranar da ya gama aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Ya cusa kwalaben ruwan a kular ƙanƙara, ya hau babur da tsakar rana zuwa wani asibiti mai firji. Ya faɗi a hanya ya karya hannu, amma bai saki kular ba.

Barira ce ta gwada ruwan. Farfesa ya leƙa sakamakon ya ce datti ne, a zubar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in sake." Ya balbale ta da faɗa a gaban jama'a. Ta shanye, ta yi ta maimaitawa a ɓoye har saƙon ya fito ɓaro-ɓaro.

Sai ga farfesa da babbar riga! Mutumin da ko safar hannu bai sa ba ya rubuta sunansa farko a maƙalar da za a buga kan binciken, ya jera na abokansa, har da surukinsa. Sannan ya dubi ɗaliban uku, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce, "Gurbi ɗaya ya rage, ku sasanta kanku." Ya kuma sani sarai ba mai karɓar digiri sai da sunansa a maƙalar nan.

Shi dai farfesa ku bar shi da Allah, ba hukuncinsa na tambaye ku ba. To, tsakanin Zuwaira, Tasi'u da Barira, sunan wa za a rubuta, su wa za su koma gida hannu rabbana?