Kurege da Injin Tafiya Mai Sauƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, na zaune da na kishingiɗe.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

Wata Dorina ce a unguwar bakin rafi, mai kirki, mai kyauta, mai kuma son tuwo ba kaɗan ba. Ta ci, ta kwanta, ta tashi, ta ci. Ƙiba ta taru mata, har daga ɗaki zuwa madafi sai ta huta sau biyu tana haki. Da abin ya ishe ta, sai ta tafi wurin Likita Zalɓe. Ya auna ta, ya sake aunawa, ya ce jininta ya hau, zuciyarta ta gaji, in ba ta fara tafiyar ƙafa kullum ba, ba ya jin za ta ga kakar bana.

Dorina ta tsorata ƙwarai. Amma ta fita titi tana haki 'yan unguwa na kallo, wannan kam ta ce ba da ita ba. Zalɓe ya ce ai akwai injin tafiya da ake ajewa a tsakar gida, mutum ya hau ya yi ta tafiya bai je ko'ina ba.

To, a bayan rumbunta akwai ramin Kurege, wanda ta ba wurin zama kyauta shekara da shekaru. Kun dai san Kurege, baki zuma, ciki kuwa kullum a buɗe. Ta kira shi, ta kwance bakin zane, ta ba shi duk abin da ta tara.

Ta ce, "Ɗan nan, je ka kasuwa ka zaɓo mini. Ka ga halin da ake ciki, ka nemo mai sauƙi. In ka kwaso mini tarkace, a kanka zan zauna."

Kurege ya ce, "Mai sauƙi kika ce, Gwaggo? An gama."

Ya tafi shagon Hankaka, mai sayar da kayan motsa jiki. Hankaka ya nuna masa mai tambarin Barewa, na lantarki, da allo mai ƙirga taku, har kiɗa yake yi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu. Ya nuna masa mai tambarin Jimina, shi ma na lantarki, bel ɗinsa da ake takawa mai faɗi, zai ɗauki nauyin Dorina, ga garanti na shekara guda, kuma kuɗinsa daidai da abin da ta bayar. Hankaka ya ce in shi ne, wannan zai ɗauka. Kunnen Kurege na wurin Hankaka, hancinsa kuwa tuni ya tsallaka titi wurin mai suyar gyaɗa.

Ya tambaya ko babu wanda ya fi wannan araha. Hankaka ya janyo wani daga ƙarƙashin kwalaye, mai tambarin Kunkuru. Ƙarfe ne zalla, ba waya, ba allo, ba maɓalli, sai ka tura bel da ƙafarka sannan ya juya. Tun da aka kawo shi ba wanda ya ko taya. Kurege ya taya, Hankaka ya sallama tun kafin ya rufe baki. Ragowar kuɗin kuwa suka zama soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kantu, buhu guda, ya wuce da su rami ta bayan gida.

Dorina ta hau inji, ta duba nan, ta duba can, ta ce ina wurin kunnawa? Kurege ya ce ai wannan sabon yayi ne, masu lantarki an daina yayinsu, balle a unguwar da wuta ke leƙowa sau ɗaya a mako. Ya ce ta tura kawai. Ta tura, inji ya ce ƙiii. Ta ƙara turawa, ya ce ƙiii. Taku goma ta yi ranar, ta sauko jiƙe sharkaf, tana cewa in wannan ne mai sauƙin, Allah ya raba ta da mai wuyar.

Amma tsoron maganar likita bai bar ta ba. Kullum da hantsi ta hau, ta tura, ta yi gumi, ta sauko tana mita. Kurege kuwa ya ci gyaɗa, ya kwanta, ya tashi, ya ci gyaɗa. Ita tana turawa, shi yana taunawa, har wata biyu.

Ran nan Hankaka na wucewa ta sama sai ya hango injinsa. Ya sauka kan katanga, ya gaishe ta, ya yi ta zuba mata godiya don ta raba shi da kayan da ya tare masa wuri. Hankaka kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Ya faɗi abin da aka biya, ya kuma ce ya yi mamaki da ba ta ɗauki mai Jimina ba, wanda ke juyawa da kansa.

Dorina ta sauko a hankali, ta ƙwala wa Kurege kira. Da ya ga idonta, sai ya yi tsalle zai faɗa rami. Kai ya shiga, ciki ya ƙi. Ya janye kansa da ƙyar, ya arce. Ta bi shi. Suka wuce rafi, suka wuce maƙera, suka wuce masussuka, har gindin kukar ƙofar gari inda dattawa ke hira, Likita Zalɓe na cikinsu. Nan Kurege ya zube yana neman numfashi, ta ɗora ƙafa a kan wutsiyarsa.

Ta kai ƙara. Ta ce mai sauƙi ta aike shi ya sayo, ya kawo mata azaba, ya cinye sauran. Ta ce ta yi alkawarin zama a kansa, yau kuma za ta cika. Dattawa suka ce a bar shi ya yi magana tukuna. Kurege ya ce ba shi da ta cewa, roƙonsa ɗaya, a bar shi ya gaida gwaggonsa, don tun safe bai gaishe ta ba.

Ya ɗaga kai ya ce, "Gwaggo, yaya jiki?"

Ku ma kun san mu. Ko mutum na kan gadon asibiti an rataya masa ruwa, amsar wannan gaisuwa ɗaya ce, kuma baki ne ke ba da ita tun kafin zuciya ta yi shawara.

Dorina ta ce, "Da sauƙi."

Kurege ya ce, "Dattawa, kun ji da kunnenku. Kuɗin inji da sauƙi, jikinta da sauƙi. Wane sauƙin ne kuma ban kawo ba?"

Dorina ta buɗe baki za ta yi masifa, sai Zalɓe ya tambaye ta daga ina ta taso da gudu. Ta ce daga gida. Ya ce sau nawa ta huta a hanya? Ta tsaya tana tunani, ta rasa ko ɗaya. Ya kama hannunta ya auna, ya ce jini ya sauka, zuciya na bugawa daidai, za ta ga kakar bana har da ta baɗi in Allah ya so.

Sai hawaye suka zubo wa Dorina, don ta daɗe da fid da rai. Ta ɗauke ƙafarta daga wutsiya. Ta gode wa Allah, ta gode wa likita, ta juyo ta gode wa Kurege, godiya ta gaskiya har cikin ranta. Ta ce ko da kwaɗayi ne ya ja shi, ita dai ta hannunsa ta samu lafiya. Ta goya shi a baya, don ya kasa tashi, ta kai shi gida.

Da suka isa ta ce, "Ɗan nan, godiyar baki ba ta isa ba. Yadda ka kula da lafiyata, ni ma zan kula da taka. Hau inji."

Ta kulle sauran gyaɗar a rumbu, ta jawo kujera ta zauna kusa da inji. Safe da yamma Kurege na turawa, tana sa masa albarka. Shi ya sa har yau in kun ga kurege a gona, zai ɗan ruga, ya tsaya, ya miƙe tsaye yana waige-waige. Dubawa yake ko Gwaggo ta taho ta ƙara gode masa.

Ƙurunƙus kan wutsiyar kurege. Wanda duk zai ci kuɗin aike a cikinku, ya riƙa gwada ƙofar raminsa kullum da safe.